Sukarin nonon uwa da jariri ba ya narkarwa: me ake nufi da HMO?

Wanda ya saba leƙa kantar madarar jarirai a manyan kantuna da shagunan magani na Bauchi zai iya cin karo da gwangwanin da aka buga wa haruffa uku, HMO, wani kuma an rubuta masa 2'-FL, sunan ɗaya daga cikin nau'o'in HMO ɗin. Masu talla a intanet suna cewa wannan wani sukari ne da a da sai a nonon uwa ake samunsa, yanzu kuma an sa shi a madara. Maganar ta jefa iyaye cikin ruɗani ta fuska biyu. Wasu da jin kalmar sukari sai gabansu ya faɗi, don hankalinsu ya tafi ga ciwon suga. Wasu kuma sun ɗauka madarar gwangwani ta kamo nonon uwa ke nan, ba sauran bambanci. Duka fahimtar biyu suna buƙatar gyara.

## Wane irin sukari ne?

A bakin masana kimiyya, sukari dangi ne babba. Wanda ake zubawa a shayi ɗaya ne kawai daga cikinsu. Nonon uwa yana da nasa mai suna laktos, kimanin giram 70 a kowace lita, kuma shi ne ke ba nono ɗan zaƙinsa, ya ba jariri kuzari. Bayan laktos sai maiƙo. Abu na uku wajen yawa, idan an cire ruwa, shi ne wannan da ake kira HMO, wato taƙaitaccen sunan Turanci na sarƙaƙƙun sukarin nonon ɗan Adam. Masana na ce musu oligosakarayid.

An kira su sarƙaƙƙu ne saboda yadda aka gina su. Jikin uwa yana ɗaukar ƙananan tubala iri 5, ciki har da gulukos da galaktos da fukos da sinadarin sayalik, ya jera su kamar ƙwayoyin carbi, wani jerin a miƙe, wani da rassa. Daga waɗannan tubala 5 an gano siffofi daban-daban kusan 200. A nonon da ya kankama ana samun giram 5 zuwa 15 a lita, wanda ya yi kusa da yawan furotin ɗin da ke cikinsa, wani lokaci ma ya ɗara. A nonon saniya kuwa ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ke cikin na mutum ba, kuma yawancin madarar gwangwani daga nonon saniya ake yin ta.

Abin mamakin shi ne jariri ba shi da sinadaran da za su narkar da wannan sukari. Yana wuce tumbi da ƙaramin hanji kusan yadda ya shiga, har ya isa babban hanji. Ɗan abin da ke ratsawa cikin jini bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, shi ma yana fita ta fitsari. Don haka ba ya ɗaga sukarin jini, ba shi da alaƙa da ciwon suga. Tambayar da ta daɗe tana cin masana ita ce: me zai sa jikin mai jego, wadda ita kanta ke neman ƙarfi, ya ɓata kuzari wajen ƙera abin da ɗanta ba zai ci ba?

## Shekara ɗari ana bin sawu

Amsar ta faro ne daga kashin jarirai. A ƙarshen ƙarni na 19 likitocin Turai sun lura cewa jariran da ake ba madara sun fi masu shan nono mutuwa da gudawa nesa ba kusa ba. A 1899 wani likita a birnin Faris, Henry Tissier, ya gano wata ƙwayar bakteriya da ta cika kashin jarirai masu shan nono. Siffarta mai baki biyu ce kamar gwafa, daga nan ta samo sunan da ya zama Bifidobakteriya, ko bifido a taƙaice. An san akwai wani abu a nono da ke renon wannan ƙwaya, amma ba a san mene ne ba. Sai a shekarun 1950 likitan yara Paul György da masanin sinadarai na Jamus Richard Kuhn, wanda ya ci kyautar Nobel a 1938, suka nuna cewa sarƙaƙƙun sukarin nan ne. A 2008 kuma masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka karanta kundin halittar wani nau'in bifido mai suna infantis, suka tarar yana ɗauke da cikakkun kayan aikin haɗiye wannan sukari da narkar da shi, kamar dai don shi aka yi abincin.

## Abincin baƙi

A Hausa mun saba cewa ƙwayoyin cuta, sunan da ke sa a ɗauka duk wata bakteriya abokiyar gaba ce. Alhali cikin kowane mutum cike yake da bakteriya masu amfani. Jariri yana zuwa duniya da hanji kusan fayau, kamar sabuwar unguwar da aka yanka filaye ba a tare ba. Daga lokacin haihuwa ƙwayoyi ke fara kwararowa, daga jikin uwa, da hannun ungozoma, da zanen goyo, da bakin duk mai zuwa barka. Wanda ya riga kama wuri ya yi ƙarfi, shi ke da unguwa.

A nan aikin HMO na farko yake. Tunda ba kowace ƙwaya ke iya cin sa ba, nonon uwa yana zaɓar wanda zai ciyar. Bifido ta samu abinci a wadace, ta hayayyafa, har a wasu jarirai masu shan nono zalla ita ce ke da rinjaye a hanji. Idan ta ci, tana fitar da sinadarai masu tsami. Duk matar da ta san kindirmo ta san abin da tsami ke yi: madarar da aka bari haka nan lalacewa take yi, wadda aka sa wa iri ta yi tsami kuwa tana daɗewa. Haka tsamin hanji ke hana ƙwayoyi masu jawo gudawa sakewa, yana kuma taimaka wa bangon hanjin ya yi ƙwari. Shi ya sa kashin jariri mai shan nono kaɗai yake rawaya, mai laushi, da ɗan warin tsami maimakon ɗoyi. Iyaye mata sun daɗe da sanin cewa ranar da aka fara ba yaro kunu, ranar kashinsa ke canja wari. Abin da suke shaƙa sauyin mazauna hanji ne.

Wani abin lura: nau'in infantis ɗin nan ya yi ƙaranci a jariran Amurka da wasu ƙasashen Turai, amma bincike ya same shi da yawa a jariran Gambiya da Bangladesh. Daga cikin dalilan da ake dangantawa da raguwarsa akwai shekarun da aka yi ana dogaro da madara, da yawan haihuwa ta tiyata, da yawan shan magungunan kashe bakteriya. Na ƙarshen ya shafe mu kai tsaye, ganin yadda ake sayo wa jariri antibayotik a kemis da zarar an ga kashinsa ya ɗan yi ruwa. Maganin ba ya tantance baƙon kirki da ɓarawo.

## Ƙoto

Aiki na biyu ya fi ban sha'awa. Kafin ƙwayar cuta ta kama mutum, sai ta manne a bangon hanji, kuma abin da take kamawa wasu sarƙoƙin sukari ne da ke jikin bangon. HMO sun yi kama da waɗannan sarƙoƙi ƙwarai. Ƙwayar cutar sai ta cafke su a zaton bango ne, kamar kifin da ya haɗiyi ƙoto, a yi waje da ita cikin kashi. An ga haka a ɗakin gwaji da ƙwayar Kamfilobakta, da wasu nau'o'in Ikolai, da ƙwayoyin bairos irin su noro da rota, dukkansu sanannu wajen jawo gudawa. Wani bincike da aka wallafa a 2004 kan iyaye da jarirai a birnin Meziko ya nuna jariran da nonon iyayensu ya fi yawan 2'-FL sun fi tsira daga gudawar Kamfilobakta.

Wannan kariya rage haɗari take yi, ba ta kawar da shi. Rigakafin rota, wanda Najeriya ta shigar cikin jerin rigakafin yara a 2022, yana nan da muhimmancinsa ko yaro na shan nono.

## Inda hujja ta yi ƙarfi, da inda take rarrafe

Ga bakwaini, akwai wata muguwar cuta mai ruɓar da hanji wadda ke kashe da yawa daga cikin waɗanda ta kama. An tabbatar cewa bakwainin da ke samun nonon mutum ya fi wanda ake ba madara tsira daga gare ta. Ayarin Lars Bode na Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego ya gano wani HMO guda, DSLNT, da ya kare 'ya'yan ɓeraye daga cutar, daga baya kuma aka ga ƙarancinsa a nonon da jariran da suka kamu suka sha. Wannan na cikin dalilan da ke sa ma'aikatan ɗakin jarirai, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa ko asibitin gwamnatin tarayya da ke Azare, su so uwa ta tatso nononta a ba bakwainin da bai iya tsotso ba, ko da cokali ɗaya ne.

Game da girma, binciken da ya fi kusa da halin da muke ciki daga Malawi ya fito, an wallafa shi a 2016 ƙarƙashin jagorancin Jeffrey Gordon. An tarar nonon iyayen yaran da suka tsumbure sosai yana da ƙarancin HMO masu ɗauke da sayalik. Da aka ba ɓeraye da 'ya'yan aladu irin wannan sukari, bayan an dasa musu ƙwayoyin hanjin yaro mai tamowa, sai suka ƙara tsoka. A Gambiya kuma an ga matan da ke shayarwa da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma aikin gona ya yi yawa, nononsu ya fi na masu shayarwa da rani ƙarancin HMO. Duk manomin Ningi ko Misau ya san wannan lokaci na watan Yuli da Agusta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Gabas kuwa kusan rabi ne. Amma dole a yi hattara: ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Tsumburewa tana da iyaye da yawa, daga talauci da ƙazamin ruwa zuwa zazzaɓin cizon sauro da haihuwa kusa-kusa.

Batun ƙwaƙwalwa shi ne masu talla suka fi so, shi ne kuma hujjarsa ta fi rauni. Gaskiya ne sinadarin sayalik yana da yawa a ƙwaƙwalwa, kuma dabbobin da aka ba shi sun nuna ci gaba wajen koyo. A mutane dai alamu ne kawai daga ƙananan bincike.

## Dakashi

Idan akwai wurin da wannan ilimi ya ci karo da al'ada gaba da gaba, to a kan dakashi ne, wato nonon farko mai kauri, rawaya-rawaya, da ke fitowa a kwanakin farko bayan haihuwa. A cikinsa HMO suka fi yawa, giram 20 zuwa 25 a lita, kusan ninki biyu na abin da zai zo daga baya, ga kuma sinadaran garkuwar jiki da uwa ke miƙa wa ɗanta. Wato jiki ya tanadi kaso mafi tsoka daidai lokacin da ake rabon filaye a hanjin jariri.

A gidaje da dama, musamman ga mai haihuwar fari, har yanzu ana matse dakashi a zubar, a ce nono ne mara kyau, sai an wanke mama ko an sha magani. Kafin nan ana riƙe jariri da ruwan ɗumi, ko ruwan dabino, ko zuma, ko madarar akuya ko ta shanu, wasu su ɗura masa bauri. Adalci ne a faɗi cewa kakannin da ke yin haka ba mugunta ke sa su ba. Suna ganin abu kaɗan, launinsa ba na nono ba, ga jariri na kuka, sai su yi abin da suka gada. Hujjarsu a kullum ita ce: haka aka yi mana, ga mu nan da ranmu. Abin da likitoci ke amsawa shi ne tumbin sabon jariri ɗan mitsitsi ne, 'yan cokulan dakashi sun ishe shi, kuma tsotson da yake yi shi ne ke kiran nono ya sauko. Duk abin da aka ba shi a madadin haka yana shigo da nasa ƙwayoyin kafin bifido ta zauna da gindinta. Zuma kuwa an hana ta ga yaro ɗan ƙasa da shekara ɗaya gaba ɗaya, saboda wata ƙwaya mai dafi da kan ɓuya a cikinta.

Mutane kan kawo batun tahniki a nan. Shafa ɗan tattaunannen dabino a ganɗar jariri sau ɗaya daban yake da riƙe shi kwana biyu ko uku da ruwan dabino an hana shi mama. Alƙur'ani kansa, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, kuma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta zo daidai da haka: a sa jariri a mama cikin awa ɗaya da haihuwa, nono zalla wata 6, sannan a ci gaba tare da abinci har shekara 2 ko fiye.

Ruwa ne ya fi wuyar bari. A zafin Maris da Afrilu na Bauchi, ce wa kaka kada a ba jinjiri ruwa kamar ce mata a bar shi da ƙishi ne. Sai dai kusan kashi 87 cikin ɗari na nono ruwa ne, mai tsabta kuma. Na randa ko na rijiya ba shi da wannan tabbaci, a jihar da ke cikin waɗanda kwalara ta fi yi wa ɓarna a 2021. Alƙaluman 2018 sun nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke shan nono zalla, alhali kusan kowace uwa tana shayarwa. Ruwan da ake haɗawa da shi ne ya cinye mafi yawan ratar.

## Nonon wata ya fi na wata?

Kowace uwa da irin haɗin HMO ɗinta. Gado yana da hannu: akwai wata ƙwayar halitta mai suna FUT2, wadda matan da take aiki a jikinsu suke fitar da 2'-FL da yawa. A Turai kusan mace ɗaya cikin biyar ba ta fitar da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba, kuma adadin yana bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Watan haihuwa, da tsawon lokacin shayarwa, da yanayin shekara duk suna sauya haɗin.

Kada wannan ya zama makami a hannun masu cewa wance nononta mugu ne, har a jefa tururuwa a ciki a ga ko za ta mutu. Macen da ba ta fitar da 2'-FL tana fitar da wasu HMO ɗin masu yawa, 'ya'yanta kuma suna girma lafiya. Babu hukumar lafiya da ke ba da shawarar a auna HMO ɗin uwa kafin ta shayar. Hatta uwar da ba ta samun isasshen abinci, nononta ya fi wa ɗanta duk wani madadi. Abin da ake gyarawa shi ne kwanonta, ba a cire yaron daga mama ba.

## Abin da ke cikin gwangwani

Daga wajajen 2016 kamfanoni suka fara sa 2'-FL a madara, bayan hukumomin Amurka da Tarayyar Turai sun amince ba shi da illa. Ba daga nonon mata ake tatso shi ba. Bakteriya ake sarrafawa a manyan tankuna ta ƙera shi, kuma siffarsa iri ɗaya ce da na nono. Wasu madarar na da nau'i ɗaya ko biyu, sababbi sun kai biyar ko shida.

Matsayin kamfanonin shi ne: tunda akwai jariran da dole sai sun sha madara, gara a matso da ita kusa da nono gwargwadon iko. Suna da gwaje-gwajen da suka nuna jariran na girma daidai, ƙwayoyin hanjinsu sun ɗan karkata zuwa na masu shan nono, a wani gwajin ma iyaye sun ba da rahoton raguwar ciwon ƙirji. Masu suka kuma suna cewa yawancin gwaje-gwajen kamfanonin ne suka biya kuɗinsu, jariran da aka gwada ba su da yawa, kuma nau'i biyar cikin kusan 200 ba kamo nono ba ne, balle a zo ga garkuwar jiki da rayayyun ƙwayoyin da nono ke ɗauke da su. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta wallafa a 2023, wanda ya duba tallar madara a ƙasashe 15 har da Najeriya, ya tarar mafi yawan iƙirarin amfanin lafiya da ake yi ba a kawo musu wata hujjar kimiyya ba. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022, wanda shi ma ya haɗa da Najeriya cikin ƙasashe 8, ya zargi masana'antar da amfani da kalmomin kimiyya wajen sa iyaye mata shakkar nononsu.

Idan aka auna, ɓangarorin biyu ba a kan abu ɗaya suke jayayya ba. Cewa madara mai HMO na iya ɗara madarar da ba ta da shi magana ce mai yiwuwa, ana kan bincike. Cewa ta yi daidai da nono kuwa babu hujjar da ta nuna haka. Tun 1981 akwai ƙa'idar duniya da ta hana tallata madarar jarirai ga jama'a kai tsaye, da raba ta kyauta a asibitoci, da nuna ta a matsayin daidai da nono. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke da alhakin tabbatar da ita.

## Yadda abin zai taɓa gidaje

Ga mai jegon da ke shayarwa lafiya, babu abin saye a wannan labari. Babu wani ƙwaya ko garin da aka tabbatar yana ƙara HMO a nono. Abinci mai kyau, da hutu, da yawan sa yaro a mama su ne abin da ke hannun maigida da dangi.

Ga ma'aikaciya ko ɗaliba, matsalar lokaci ce. Dokar ƙwadago ta ba da hutun haihuwa na mako 12, ma'aikatan gwamnatin tarayya na samun 16, duka kuma ba su kai wata 6 ba, mai talla da mai aikatau kuwa ba su da ko ɗaya. Tatsar nono a ajiye na taimakawa, kuma HMO ba sa lalacewa da sanyin firij. A ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba nono na kaiwa kimanin awa 4, a firij kuma kwana 4. Da zafin bazara da ɗauke wutar da muka sani, lissafin ya fi haka gajarta.

Sai kuma jariran da ba su da zaɓi: marayun da uwa ta rasu wajen haihuwa, ko waɗanda likita ya hana uwarsu shayarwa saboda wata cuta ko wani magani. Al'adarmu ta san shayar da ɗan 'yar'uwa, addini ma ya tsara hukuncin 'yan'uwantakar nono, sai dai yanzu ana buƙatar a fara gwada jinin mai shayarwar saboda cututtuka irin su ƙanjamau. Inda hakan bai samu ba, madarar jarirai ta gwangwani ita ce madadin da ya dace, ba madarar shayi ko nonon shanu ko koko ba. Kowace madarar jarirai mai rajistar NAFDAC an tsara ta ta ciyar da yaro, da HMO ko babu. Haɗarin da ya fi kusa ga irin wannan yaro yana cikin ruwan da ba a tafasa ba, da bulumbotin da ba a wanke da kyau ba, da tsinka madara don gwangwani ya kai ƙarshen wata. Iyalin da kuɗinsu ba zai ɗauki mai tsadar ba, gara su sayi mai sauƙin da za su iya damawa bisa awon da aka rubuta a jikin gwangwanin, su kuma riƙa ba da ita a ɗan kofi, wanda ya fi bulumboti sauƙin wankewa.